Ɗan Fari, Mai Awon Nauyin Ƙasa

Ɗan farina ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. Mu a Kurfai haka muka tarar. Mace ba ta ambaton ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta ɗaga ido ta dubi fuskarsa. Ƴan matan yanzu suna goya nasu har kasuwa suna sumbatarsu a gaban surukai, in na faɗi yadda muke yi sai su yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Da aka yaye shi, yayar mahaifinsa ta zo da zane ta goya shi ta tafi. Ba ta yi nisa ba, darni ɗaya ne tsakanin gidanta da namu a nan Filinge. Ni ina ce mata Yaya, shi kuma ita yake ce wa Inna. Ita ta yi masa wanka, ita ta doke shi, ita ta yi kuka ranar da aka rubuta shi lakwal, makarantar boko. In ya shigo wajenmu sai ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "A gaida mutanen ɗaki." In amsa ina duban ƙasa. Shi ya sa ƙafafunsa na sani. Na san su tun suna da kaushi da faso, har suka shiga takalmin ƴan lise, babbar makaranta a Yamai, har suka fara zuwa mana daga Faransa cikin safa, sun yi laushi kamar na jariri.

Lissafi ne ya kai shi can, haka aka ce mini. Ni ban yi lakwal ba, ban san yadda lissafi ke ɗaukar mutum ya ƙetare teku da shi ba. Ya yi aure, matar ƴar Yamai ce, suka sami ɗiya. Yakan zo gida in an jima, ya yi ƴan kwanaki ya koma. Mahaifinsa ya rasu ba ya nan. In mata suka tambayi Yaya a bakin rijiya wane aiki ɗanta ke yi, sai ta ce, "Tauraro shika harbi." Su yi dariya, ita ma ta yi. Ni ban tambaya ba, don ba hurumina ba ne.

Zuwansa na ƙarshe da kaka ne, ana ɗaurin damman hatsi. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum, sai na ji numfashinsa kafin gaisuwar ta fito. Na dubi ƙafafun. Sun kumbura har igiyar takalmi ta nutse a cikin nama. Da zai tashi sai da ya dafa bango. Daga baya na lura ruwan da aka kai masa kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye, ga zafin rana. Akushin da aka kai masa ya dawo, ya ci tuwon ya bar miya. Rigarsa mai dogon hannu ce, kuma in yara suka yi tsalle za su kama hannunsa na hagu sai ya janye da sauri. Ba wanda ya ce mini komai. Washegari na raba tukunya, na yi tasa miyar ba gishiri ba kanwa, na miƙa wa Yaya ta saman darni. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce, "Ke, wagga miya ta masu takaba ce?" Na ce ta kai dai. Akushin ya dawo a suɗe.

Akwai babbar bishiyar bedi a jikin darnin, rabin inuwar tana gidan Yaya, rabi tana namu. A nan ya riƙa shimfiɗa tabarma bayan azahar, shi da Innarsa. Turmina kuwa dama a gindin bedin yake ta ɓangarenmu, ban matsar da shi don kowa ba. Ina sussuka, suna hira.

Rana ta farko Yaya ta ce, "Kai ɗan nan, na gaji da yi maka ƙarya ga mutane. Gaya mini gaskiya, mi kake yi can wurin Annasara?"

Ya ce, "Inna, in kika saki ludayi mi ya sa yake faɗuwa ƙasa, bai tashi sama?"

"Don ba shi da fiffike, sakarai. Wanga karatu anka kai ka yi?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ƙasa ce ke jan sa, kamar yadda take jan ruwan sama da ƴaƴan bedi da mu kanmu. Amma jan nan ba ɗaya yake a ko'ina ba. Inda ƙasa ta tara nauyi, duwatsu ne ko wani abu mai tauri can ciki, ta fi ja. Inda ba ta tara ba, jan ya ragu kaɗan, kaɗan ɗin da jikin mutum ba ya ji. Aikinsu shi ne su auna wannan.

"Da wane sikeli? Na mai nama?"

Ya ce sikelin yana sama. Wai tun da daɗewa an harba wani dunƙulen ƙarfe, girmansa bai fi tulu ba amma ƙarti da yawa ba su ɗaga shi, an manne jikinsa kaf da ƙananan madubai. Ba inji a cikinsa, ba mai, ba fitila. Kewaya duniya kawai yake yi. Su kuma suna kan wani tsauni da babban madubin hangen nesa. In lokacin wucewarsa ya yi sai su saita, su harba masa wani haske kore, siriri, gutsure-gutsure. Hasken ya je ya bugi madubin ya juyo. Su ƙirga lokacin da ya ɗauka zuwa da dawowa, daga nan su san nisansa, kuskuren bai kai faɗin farce ba.

Yaya ta ce, "To kun san nisanshi. Sai a ci da mi?"

Ya ce, "Inna, kin san jaki mai kaya in ya biyo gefen gonar wake yadda yake karkata?" Haka dunƙulen yake. In ya bi ta saman inda ƙasa ta fi ja sai hanyarsa ta ɗan karkata. Wasu masu irin aikinsu a wasu ƙasashe su ma suna harba nasu hasken, kowa ya kawo abin da ya samu a haɗa. Daga karkatar nan ake gane inda nauyin duniya yake kwance. Da haka ake tabbatar da cewa duniya ba mulmulalliya ba ce sosai, tana da ƙugu kamar kabewa.

Yaya ba kurma ba ce, kuma gwiwarta tana kusan taɓa tasa. Amma muryarsa ta wadda ake yi wa wanda ke bayan darni ce. In taɓaryata ta yi ƙarfi sai ya dakata ya nemi ruwa ko ya kori kaza, in na sassauta ya ci gaba. Na gane, shi ma ya san na gane. Hatsin da zan gama kafin la'asar ya kai ni magariba.

Haka muka yi kwanakin nan. Ya ce girgije abokin gabarsu ne, in ya rufe sai su zauna su jira, su da manomi ba sa roƙon abu ɗaya. Ya ce in jirgi zai gifta dole a kashe hasken don kada ya shiga idon matuƙi. Ya ce cikin hasken da suke aikawa, wanda ke dawowa bai kai ƙwayar hatsi ɗaya cikin rumbuna ba, sauran duk ya ɓace a sarari, amma wannan ƙwayar ta ishe su. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ya ce nauyin ba ya zama wuri ɗaya. In ƙanƙarar can ƙarshen duniya ta narke ta gangara teku, nauyi ya tashi daga wani wuri ya koma wani. In damina ta sauka a ƙasashe da yawa ruwa ya shige ƙasa, su ma suna ganin alamarsa a tafiyar dunƙulen.

Yaya ta ce, "Ashe ka san ran da na ɗebi ruwa rijiya."

Ya ce, "A'a Inna, gugarki ta yi ƙanƙanta. Sai dai in ke da matan duniya duka kunka ja rana ɗaya."

Wata tambaya ta hana ni sakat. Da safe muna tsinkar zogale na ce wa Yaya, abin da ba shi da inji ba shi da igiya, kuma ƙasa na jan sa, me ya hana shi faɗowa a kan mutane? Ta dube ni ta ce, "Bakinki ciwo shikai?" Na ci gaba da tsinka. Da azahar ta yi na ji ta ce masa, "Wata ce ta aiko ni. Ba ni faɗin sunanta, mai tsananin tsiya ce, tana nan kusa." Ta faɗi tambayar.

 Na ji tabarma ta motsa, ya juyo ya fuskanci darni. Ya ce a gaya wa mai tambaya ta yi tambayar malamai. Ya ce faɗuwa yake yi, tun ranar da aka sa shi faɗuwa yake, sai dai gudun da yake yi a kaikaice ya yi yawa, kafin ya iso ƙasa ta lanƙwashe ta kauce masa. Can sama kuma babu iskar da za ta rage masa gudu. Ya ce jikokin jikokinmu za su zo su wuce yana nan yana kewayawa. Na ci gaba da sheƙa. Ƙaiƙayi ya shiga mini ido, na bar shi ya yi aikinsa.

Ana gobe zai tafi, bayan la'asar, ya faɗa wa Innarsa abin da ƙafafunsa suka riga suka gaya mini. Ƙodarsa ta gaza. Likitocin can sun yi masa aiki a jijiyar hannun hagu, suna jiran ya koma a fara ɗora shi a kan injin wankin jini, kuma in an fara ba a dainawa. Da injin zai iya kaiwa inda Allah ya nufa. Ba injin, abin ba zai ja ba. Ya roƙi a bar shi ya zo gida tukuna, suka ba shi kwanaki ƙalilan.

Ya ce, "Inna, na gaji. Na ga waɗanda ake ɗorawa, rabin ransu a kan gado yake. Tun da na sauka tasha na ji ba na son komawa. Ina so in zauna nan. In kira ya zo a kai ni kusa da Baba."

Yaya ta fashe da kuka. Ta ce, "Zamna! Wa ya isa shi tashe ka? Ga ɗaki, ga ni. In mutuwa ce mu yi ta gida, a wanke ka da ruwanmu. Na goye ka da ƙuruciya, yanzu ma bayana bai mutu ba."

Ya bari ta yi shiru. Sannan ya ce, "Ba ke kaɗai za ki yanke ba, Inna. Abin da aka ce daga wajen turmi, shi zan yi."

Taɓarya na hannuna, ban san lokacin da ta tsaya ba. Yaya ta miƙe ta leƙo ta saman darni, fuskarta jage-jage. Ta ce, "Kin dai ji. Ke ƙanwata, don girman Allah yau ki aje kunyar ga. Ɗanki na. Ke kinka haife shi, ni aro anka ba ni. Ki buɗe baki ki ce mishi shi zamna."

Ba wanda ya san abin da na so kamar Wanda ya halicce ni. In ya zauna, ni zan dafa abin da zai ci. In ciwo ya kwantar da shi ba sauran kunya, dole a bar ni in shiga in riƙe kansa, in dube shi son raina, abin da ban yi ba tun yana shan nono. Kabarinsa kuma zai kasance nan bayan gari, in na je itace in bi ta gefe. Duk wannan yana cikin kalma ɗaya, kuma kalmar tana kan harshena. Amma na ga farashinta. Kafin a gama shigar da hatsi rumbu za mu binne shi, ga magani can yana jira.

Na dubi Yaya, don ita ce mai ɗa. Na ce, "Yaya, ki gaya wa ɗanki, rai ba nashi ba ne da zai ajiye don ya gaji. Mai shi bai aiko ba tukuna. Yana da ɗiya da ba ta san hannun damanta ba, yana da ɗiyar mutane da ya ɗauko daga gidansu. Kuma ba a barin gona ana tsakiyar noma. Ya koma."

Ta ce, "In ya koma ko gawarshi ba mu gani."

Na ce, "Na sani."

"Ke wace irin mace ce? Dutse anka sa miki?"

 Can sai na ji muryarsa, ba ƙarfi wannan karon. Ya ce, "An ji." Na ɗaga taɓarya na ci gaba da daka.

Da hantsi motar Yamai ta cika. Kafin ya fita ya zo bakin ƙofata. Bai iya tsugunawa ba, ya dai sunkuya ya dafa gwiwa. Ya ce, "Mutanen ɗaki, a yafe mini." Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, Allah ya kiyaye hanya. An yanka masa igiyar takalmin an ƙara da tsumma don ƙafar ta shiga. Na bi ƙafafun da ido har suka fita zaure.

Allah ya ƙara masa damina, ba ɗaya ba. Yakan kira Yaya a waya. Ita tun ranar ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole, amma duk ranar da ya kira sai ta ƙure muryar wayar ta shigo gidanmu wai aron rariya, ta tsaya tsakar gida tana juya mini baya har su gama. Da haka na ji ɗiyarsa ta shiga lakwal, na ji ta iya Fatiha, na ji ta yi wa Yaya Hausa a karye Yaya tana zaginta. Na ji ranakun da ba na inji ba yana hawa tsaunin. Wata rana ya ce an yi mako girgije bai buɗe ba, yau ya buɗe, sun kama dunƙulen da rana tsaka. Yana faɗa yana haki, amma da murna. Muryar tana raguwa daga kira zuwa kira. Ina auna ta ina wanke-wanke.

Matarsa ce ta kira ranar da ya cika. Lokacin sanyinsu ne. Ta ce Musulmin garin sun yi masa sutura, sun sallace shi, abokan aikinsa sun tsaya daga baya har aka gama. Ta ce ƙasar wurin baƙa ce, mai danshi.

A gidan Yaya aka yi zaman makoki, don ita ake yi wa gaisuwa. Mutane sun zo daga Abala, daga Baleyara, har daga Yamai. Ni ina ɗora tukunya ina kai ruwa, kamar yadda uwar ɗan fari ke yi. Na ji wata tana cewa ai ni na kore shi, da yanzu yana kwance kusa da ubansa. Ban ce mata ƙarya take ba. In yau aka sake tambayata, abin da na faɗa shi zan faɗa. Ɗiyarsa ta san ubanta, za ta iya tuna muryarsa. Sai dai sanin ka yi daidai ba ya rage zafin rashi.

Yaya ta daɗe ba ta ci abin hannuna ba. Tsufa ya zo mata gaba ɗaya bayan rasuwar, ido ya yi hazo, gwiwa ta ƙi. Bara da rani ina tankaɗe sai na ji ta tana laluben darni, ta zagayo ta zauna a bakin tabarmata ba sallama.  Can ta ce, "Abin ga da yaron nan ya yi ta faɗi gindin bedi, na madubi. Jiya na so in gaya ma jikanyata ta waya, in ce ga abin da ubanta ya gaya mini. Na nema na rasa. Ni ban saurara ba. Fuskarshi nike kallo."

Na ajiye rariya. Na faɗa mata tun daga ludayi har jaki da gonar wake, da hasken kore, da girgije, da ƙanƙarar da ke narkewa, da faɗuwar da ba ta ƙarewa. Ban tsallake komai ba, har inda ya yi tari. Tana ji tana gyaɗa kai, hawaye na bin tsagen fuskarta.

Da na gama ta ce, "Ashe duk kin kwashe."

Na ce, "Yaya, ni kuma ki gaya mini. Yaya fuskarsa take, da ya girma?"

Ta juyo da idanun nan nata masu hazo ta daɗe tana dubana. Na zaci zagi zai biyo. Sai ta gyara zama ta ce yana da wushirya, ƙarama, sai ya yi dariya sosai ake gani. Akwai tabo a girarsa ta dama, na ranar da jakin maƙwabta ya kayar da shi. Furfura ta fara masa ta gefen kunne, ba ta gemu ba. In yana lissafi a zuci yakan lumshe ido ɗaya. Ta ce hancin na ubansa ne, amma bakin nawa ne sak, bakin nan da in ya rufe ko da muciya ba a buɗe shi.

Na ce ta dakata, ta koma kan tabon, wace gira ta ce. Ta ce ta dama. Na ce ta ci gaba, a hankali.